Fedar Baban Khairat

Dogo Nini, Potiskum
9 ga Yuni

Zuwa ga Yayana Almustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Rahama da yara. Yaya kasuwa, yaya zafin Kano? Mu nan mun samu ruwa ranar Talata, gari ya ɗan yi sanyi, alhamdu lillahi. Khairat tana gaishe ka, ta ce in gaya maka haƙorinta biyu sun fita.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ba ma rabuwa da waya. Maganar ce ba ta waya ba. Ka san gidanmu, bango ɗaya ne tsakanina da ɗakin surukata Hajjo, kai kuma shagonka na Sabon Gari ba a jin magana don ƙarar sifikun da kuke gwadawa. Shi ya sa na ba Bubayaro direba ya danƙa maka a hannu.

Duk lokacin da ka tambaye ni jikin maigidana Baban Khairat, ce maka nake da sauƙi. Ban yi ƙarya ba. Sanƙarau ya sake shi, wuya ya saki, yana cin abinci, har ya fara cika rigunansa. Abin da na ɓoye maka shi ne ciwon ya tafi da kunnensa na hagu gaba ɗaya. Na daman ma kaɗan ya rage. Sai na tsaya ta wannan gefen, na ɗaga murya, yana kallon bakina, sannan ya gane. Likitan kunne da muka gani a Damaturu ya ce na hagun sai haƙuri, na daman kuma a kula da shi. Baban Khairat ne ya hana ni faɗa wa kowa a Kano, ya ce ba ya son a riƙa yi masa jaje.

Ka fi kowa sanin abokinka Halliru da jita, tunda kai ka fara kawo shi zauren gidanmu da ita a rataye a baya, Baba yana harararsa. Shekara goma sha shida ke nan yana kiɗa a ƙungiyar Kashim, ba bikin da ba su taka ba daga nan har Fika. Tun da aka sallamo shi daga asibiti a watan Afrilu, sau ɗaya ya taɓa ta. Ya jona waya, ya kaɗa tsirkiya, ya ƙara ƙarfi, ya sake ƙarawa, har Khairat ta toshe kunnuwa. Sai ya zare wayar, ya naɗe ta a hankali, ya mayar da jitar jakarta, ya tura ƙarƙashin gado. Daga ranar, in ya dawo daga shagonsa na gyaran rediyo, sai ya zauna a gindin darbejiyar tsakar gida yana kallon hannuwansa. Ba faɗa, ba fushi. Ni da zai yi faɗan ma da na fi so.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Makon jiya wani mai tallar maganin dabbobi a Kasuwar Shanu ya kawo masa amfilifaya da wata tsohuwar sifika da takardarta ta yage. Ba wuta a shago, sai Baban Khairat ya taho da su gida. Da ya zo gwadawa bai sami makirufo ba, ya jawo jitar don kawai ya ga ko sauti yana shiga. Ina madafi ina tsince shinkafa na ji wata ƙara kamar ana jan kwanon rufi a kan siminti. Na fito da gudu, na ɗauka wani abu ne ya ƙone. Na same shi a durƙushe gaban yagaggiyar sifikar, ido rufe, yatsunsa suna gudu a kan jitar kamar da. Da ya buɗe ido ya gan ni, ya ce, "Rauda, na ji ta." Bai ajiye ba sai da aka kira la'asar.

Washegari ya canza wa sifikar takarda, ya mayar wa mai ita, don amana ce. Jitar kuma ta koma ƙarƙashin gado.

Na je gidan Kashim, na yi masa bayani a gaban matarsa. Ya ce akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da ake sawa tsakanin jita da amfilifaya, ana taka shi da ƙafa, suna ce masa feda, irin wannan kuma sunanta distoshan. Ya ce aikinta ke nan, ta sa wa muryar jita kaushi da ja, ba sai an yaga sifika ba, kuma ba sai an ƙure ƙara ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi kama ni, saboda maganar likita. A Potiskum babu ita, ya bincika.

Yaya, don Allah ka duba mana a layinku. Ni ban san mai kyau da marar kyau ba, kai ka sani. Kada ka kira shi a kan maganar, bai san na rubuto ba.

Ka gaida Anti Rahama da kyau, in ji Hajjo, ni ma haka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Rauda

Dogo Nini, Potiskum
27 ga Yuni

Yayana Almustapha,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan kowa lafiya, kuma tarin da ka ce yana damun Hussain ya lafa. Mu ma lafiya lau, an yi shuka, gero ya fara fitowa a gonar Hajjo.

Kwalin ya iso. Bubayaro ya kawo shi har ƙofar gida. Na ɗauka guda ɗaya zan gani, sai ga uku: koriya, ja da baƙa. Na karanta takardarka sau uku kafin na gane. Ka ce ba ka iya zaɓa wa kunnen wani, musamman kunnen da ciwo ya taɓa, don haka mai shagon da ke kusa da kai ya yarda a gwada, a riƙe ɗaya, a mayar da biyu. Ka ce koriyar taushi ne da ita, ɗan ɗumi kawai take ƙara wa jita. Jar ita ce ainihin distoshan, tana da kaushi amma ana jin kowace tsirkiya daban. Baƙar kuwa, wadda ka ce ana kira faz, murƙushe sautin take yi gaba ɗaya. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka zuriya.

Kwana biyu kwalin yana cikin kwabata na rasa ta inda zan fara. Ranar Asabar bayan azahar na yi shahada na ajiye masa a gaba. Ya buɗe, ya duba, ya gane ko mene ne tun kafin in yi magana. Fuskarsa ta canza. Ya ce wato na je ina yawo da kunnensa har Kano. Ya tashi ya fita, ko hula bai ɗauka ba. Na zauna na yi kukana na share. Da ya dawo daga sallar la'asar sai na ji yana tambayar Khairat ko ta ga inda ya ajiye sukundireba. Ya buɗe bayan kowacce, ya sa mata batirin nan mai kusurwa huɗu da ka haɗo, ya jera su a kan tabarma kamar mai shirin sayarwa.

Da koriyar ya fara. Yaya, da ka ji ta. Jitar ta fito da murya mai kauri da zaƙi, irin wadda nake ji daga bayan katanga lokacin da yake zuwa zance. Har Hajjo ta leƙo daga ɗakinta. Shi kuwa ya karkatar da kai, ya matso da kunnen dama kusa da ƙaramar amfilifayarsa, ya murɗa maɓallan duka uku har ƙarshe, ya girgiza kai. Ya ce kamar ana kiɗa a wata unguwa.

Ya sa jar. Ya ɗan daɗe a kanta. Ya ce wannan ta shigo gidan, amma tana zaure.

Da ya taka baƙar, kajina da ke kiwo a tsakar gida suka watse. Irin ƙarar yagaggiyar sifikar ce, har ta fi ta, kamar injin markaɗe da ya haɗiyi tsakuwa. Amma fuskarsa, Yaya. Wata uku rabon da in ga haƙoransa. Ya yi kiɗan amarya da suke buɗe biki da shi, ya yi na sharo da ya ɗauko daga wajen Fulanin Kasuwar Shanu, ya yi wani da ban taɓa ji ba. Ni da ƙyar nake gane su a cikin gurnanin, amma yatsunsa ba su yi kuskure ko ɗaya ba.

Da ya tsaya sai ya juyo ya dube ni. Ya ce shi yanzu bai yarda da kunnensa ba, ni ce na san yadda jitarsa take tun asali, in gaya masa tsakani da Allah: baƙar nan tana da daɗi?

Na ce masa tana da daɗi. Na ɗaga murya don ya ji, na sake faɗa.

Ban san ko na kyauta ba. Na dai san ba zan iya kallon wannan fuskar in ce mata a'a ba. A gida zai riƙa kaɗawa, mu kuma za mu saba. Ka ba mu ɗan lokaci kafin mu mayar da sauran biyun, ya ce yana so ya ƙara tabbatarwa. Ya kuma ce in yi maka godiya, shi kunya ta hana shi kira.

Ina gaida kowa da kowa.

Taki har kullum, in ji Khairat ga Anti Rahama. Ni kuma ƙanwarka,
Rauda

Dogo Nini, Potiskum
18 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali baki ɗaya. Wannan gajeriya ce, Bubayaro yana tasha yana jirana.

Na ga amsarka, kuma na ji faɗan da ka yi mini. Ka ce baƙar ba ta kiɗan biki ba ce, ka sa ta ne kawai don a gwada, kuma abin da na gaya masa ba taimako ba ne. Na ji. Amma kai ba ka nan. Mutumin da ya yi wata uku ba ya haɗa ido da kowa yanzu shi ke kai Khairat makaranta a babur. Ya koma yi wa Hajjo ba'a da Bolanci. Jiya har aski ya je ya yi ba tare da na yi magana ba. Ta yaya zan ɗauke wannan da bakina?

Kashim ya zo ranar Lahadi ya same shi yana kaɗawa. Na kawo ruwa, na ga yadda Kashim ya yi da fuska, ya ɗago ya dube ni. Na girgiza masa kai kaɗan. Ya gane, ya haɗiye maganarsa, ya ce wa abokinsa hannu na nan yadda yake. Sai Baban Khairat ya tambaye shi ko akwai aiki a gaba. Kashim ya ce akwai biki a Fika ranar Asabar ta sama. Ban ji daɗin yadda ya amsa ba, amma ya riga ya amsa.

Bikin na dangin Hajjo ne, jikar yayarta za a aurar, don haka ni ma zan je. Kashim ya ce mini a zaure in kwantar da hankalina, shi ke riƙe da na'urar haɗa sauti, zai san yadda zai yi. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Rauda

Dogo Nini, Potiskum
30 ga Yuli

Yayana Almustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Anti Rahama da yara, da fatan kowa yana lafiya. Na ga kiranka sau huɗu ban ɗauka ba. Ka yafe mini, ba zan iya faɗa da baki ba ne.

Mun je Fika. An kafa rumfa a filin ƙofar gidan amarya, mata a gefe ɗaya, maza a gefe ɗaya, manyan sifiku biyu a gaba. Bayan la'asar aka fara. Baban Khairat ya sa farar shaddarsa ta Sallah, ya tsaya a inda ya saba tsayawa, ya ɗora ƙaramar amfilifayarsa a kan kujera daidai kunnensa na dama don ya riƙa jin kansa. Mutane da yawa sun san ya yi ciwo, ana ta zuwa ana yi masa barka.

Da mai ganga ya buga, mai fiyano ya shiga, sai ya taka fedar. Yaya, abin da muke jurewa a tsakar gida da ƙaramar amfilifaya, ka ƙaddara shi a manyan sifiku. Wata tsohuwa kusa da ni ta yi salati. 'Yan mata suka toshe kunnuwa suna dariya, wasu suka ɗauka waya ce ta lalace. Na ga kawun ango ya taso ya sunkuya wajen Kashim yana magana yana nuni da hannu. Na ga hannun Kashim ya tafi kan na'urarsa, ya ja wani maɓalli ƙasa. Nan take gurnanin ya ɓace daga filin, sai ganga da fiyano da muryar mawaƙi. Mata suka shiga fili, biki ya ci gaba.

Shi bai sani ba. 'Yar amfilifayar da ke kunnensa tana nan tana ba shi sauti. Ya ga fili ya cika da rawa, ya ɗauka da shi ake yi. Ya yi ta kaɗawa yana murmushi, gumi yana zuba, yana ɗaga wa mutane kai. Kusan awa guda a haka. Ina zaune cikin mata ina kallon mijina yana yi wa kansa kiɗa shi kaɗai a gaban mutum ɗari biyu. Na kasa tashi, na kasa zama.

Ka san al'adarsa in kiɗa ya yi daɗi, yakan ja doguwar wayarsa ya shiga cikin fili ya tsaya gaban amarya. Ya taho. Da ya yi nisa da kujerar, sautin ya bar shi. Na ga ya rage tafiya. Ya duba wayar, tana jone. Ya matsa jikin babbar sifika, ya ɗora tafin hannunsa a kanta, ya kaɗa tsirkiya ɗaya da ɗan yatsa. Ya jira. Ya sake kaɗawa. Ganga yana ji a tafinsa, jitarsa ba ta ciki.

Ya juya ya dubi Kashim, Kashim ya sunkuyar da kai. Sai ya juyo wajen mata yana nema, har idonsa ya faɗo kaina. Ban san tsawon lokacin da muka yi muna kallon juna ba. Bai yi abin da zai ɓata wa mutane biki ba. Ya koma wurinsa, ya tsaya riƙe da jitar har waƙar ta ƙare, sannan ya naɗe kayansa ya je ya zauna a mota.

Mota ɗaya muka dawo, ni da shi da Hajjo da Khairat. Ya zauna ta inda kunnensa na hagu ne ke wajena.

Yau kwana uku. Yana cin abincina, yana amsa sallamata, yana barin cefane. Bai ce mini me ya sa ba. Kashim ya zo sau biyu, ya ce a ce masa ba ya nan. Hajjo ta kira ni ɗakinta jiya, na ɗauka faɗa za ta yi, sai ta ce ita ma ta ji abin tun ranar farko ta yi shiru, don haka laifin ba nawa ni kaɗai ba ne. Wannan bai rage mini komai ba. Ita bai tambaye ta ba. Ni ya tambaya, kuma ya haɗa ni da Allah.

Ka yi gaskiya, Yaya. Kada ka rubuto ka tuna mini, na riga na sani. Kayan suna nan cikin kwalinsu, zan aiko duka ukun in Bubayaro zai tashi.

Ƙanwarka,
Rauda

Dogo Nini, Potiskum
2 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Almustapha,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya gida, yaya Anti Rahama, yaya su Hussain da karatu? Ruwa ya yi yawa bana, katangar bayan gidanmu ta tsage, amma mun tokare ta. Na gode da haƙurin da ka yi, da wanda ka sa maƙwabcinka ya yi. A cikin kwalin nan za ka ga koriya da baƙa, kowacce a ledarta, ba abin da ya same su. Jar mun riƙe.

Kwana tara Baban Khairat ya yi bai yi mini maganar Fika ba. A rana ta goma da hantsi, na ɗaure kwalin da igiya zan kai tasha, sai ya tare ni a ƙofar ɗaki. Ya ce, "Tun yaushe kika sani?" Na ce tun ranar farko. Ya ce in ƙara faɗa, bai ji ba. Na san ya ji, amma na ƙara. Ya ce ciwo ya ɗauke masa kunne ɗaya da rabi bai ji ya zama kurma ba, sai ranar da ya gane matarsa da amininsa sun haɗa baki suna gyaɗa masa kai kamar ƙaramin yaro. Na ba shi haƙuri. Bai ce ya haƙura ba. Ya karɓi kwalin, ya kwance igiyar, ya shimfiɗa tabarma, ya nuna mini inda zan zauna, taku biyar daga amfilifayar.

Ya ce, "Kunnenki nake so ki ara mini. Tausayin ki riƙe abinki."

Mun yi sati biyu a kan tabarmar nan, kullum in ya dawo daga shago har zuwa magariba. Baƙar ya fara cirewa da hannunsa, bai ma jona ta ba. Koriyar mun ba ta kwana biyu, don ni ina sonta, amma duk yadda aka murɗa ba ta isa gare shi. Ranar da na ce masa ita ta fi daɗi amma ba tasa ba ce, ya gyaɗa kai ya mayar da ita leda. Wannan ce gaskiyar farko da na faɗa masa a kan kiɗansa, kuma ban mutu ba.

Saura jar. Maɓalli uku ne da ita, yanzu na san su kamar murhuna: na ƙarfi, na kaushi, na kaifi. Shi yana kaɗawa, ni ina murɗawa. In na ƙara kaushi har ya ce ya ji, sai in ce masa ya yi yawa, tsirkiyoyin sun cakuɗe. In na rage har ya yi mini daɗi, sai ya ce ta gudu. Mun yi ta haka, gaba da baya, wani lokaci da faɗa. Rannan har ya ce in tashi in ba shi wuri, na ce ba inda za ni. A ƙarshe muka gano in aka bar kaushin ya ɗan wuce rabi, aka ɗaga kaifin, aka kuma ɗora amfilifayar a kan turmi daidai kafaɗarsa ta dama, yana jin abin da ya ishe shi ya bi kiɗan, ni kuma ina jin jita, ba inji ba. Ba muryarta ta da ba ce. Ta fi kama da kukuma, akwai ɗan kuka a cikinta. Na ɗauko jan farcena na ɗiga alama a kan kowane maɓalli, don in ya goce a san inda za a mayar.

Shi da kansa ya je gidan Kashim. Ban san abin da suka ce wa juna ba, na dai ga sun dawo tare a babur ɗaya. Kashim ya zauna ya saurara har ƙarshe, ya ce tsirkiya ta uku tana ɗan yin ƙasa, a gyara. Baban Khairat ya yi dariya ya ce yau ya ji magana.

Sai dai akwai wani labarin. Mun koma Damaturu ranar Alhamis, aka sake gwada kunnen. Na daman ya ƙara sauka kaɗan. Likita ya ce ba zai iya cewa zai tsaya a nan ko zai ci gaba ba, amma tsayawa kusa da manyan sifiku ya ƙare. Mun yi maganar na'urar da ake sawa a kunne, za a gwada masa wata mai zuwa, bai dai yi mana alkawarin komai ba. Don haka Baban Khairat ya gaya wa Kashim ya nemi wani mai jitar don biki. Shi zai riƙa zuwa ɗan ɗakin da suke naɗar waƙa, inda ba ƙara, ya sa musu jita a waƙoƙinsu. Sharaɗinsa ɗaya ne, da ni za a riƙa zuwa. Mun je sau biyu. Ina zama a kujerar roba kusa da ƙofa da hijabina, in ya gama sai ya dube ni kafin ya dubi kowa. Na farko na ce a sake. Aka sake.

A hanyarmu ta dawowa daga Damaturu, mota ta tsaya shan mai, ya juyo da kunnensa na dama wajena ya ce in yi masa alkawari guda. Ya ce in abin ya ci gaba, rana za ta zo da zai riƙa neman a ƙara kaushi, a ƙara, har kiɗan ya lalace shi bai sani ba. Ya ce ranar nan ba ya so ya ji daga bakin Kashim ko daga fuskar mutane. In gaya masa da kaina, a ranar, ba washegari ba, shi kuma zai ajiye jitar ba gardama.

Na yi masa alkawari, Yaya. Na ɗaga murya a cikin mota cike da mutane na ce na yi. Kullum in ya ɗauki jitar sai na duba maɓallin kaushin nan kafin in zauna. Jiya yana nan inda muka bar shi. Ka taya ni addu'a Allah ya nisanta ranar, in kuma ta zo, ya ba ni bakin faɗa.

Yana gaishe ka, ya ce wannan karon shi zai kira ka da kansa, ka dai yi magana a hankali kuma ka fita daga shagon. Hajjo da Khairat suna gaida kowa. Allah ya saka maka da alheri, ya sada mu cikin lafiya.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Rauda